Rumbunan da Wuta Ta Zaɓa

A shekarun da Maradawa ke kawo hari ƙasar Kano, akwai wani gari mai ganuwa tsakanin Bici da Dawakin Tofa, ana ce masa Garun Gawo. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, babu inda za ka tsaya ka ce nan ba na kowa ba ne. A garin akwai wani magini mai suna Kallamu, Babarbare, kakansa ne ya zo daga Barno da fataucin kanwa ya ga wuri ya zauna. Kallamu ba ya gina ɗaki sai an matsa masa. Rumbu ne sana'arsa, kuma yana ji da ita, don in ka kuskura ka yaba masa rumbu sai ya tsare ka da bayanin yadda ya kwaɓa ƙasar har ka yi da-na-sanin buɗe baki. Duk rumbun da ke garin, in ba shi ya gina ba to ubansa ne.

Wata shekara, bayan an gama kaka hatsi ya shiga rumbu, sai wuta ta fara. Ranar kasuwar Bici ce, da rana tsaka, maza sun tafi, rumbu ɗaya ya kama a gidan wani manomi mai suna Umara. Aka ce tartsatsi ne daga murhu, aka yi masa jaje. Kasuwa ta zagayo, wani ya kama a wani gida. Da na uku ya kama, ba wanda ya ƙara maganar murhu. Na huɗu shi ne ya girgiza garin, don ya tafi da rai. Tsohuwa Furera, mai daddawa, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kasuwa ran nan. Da ta ga hayaƙi a rumbun ɗanta Sabo sai ta rarrafa don ta ciro damin iri, jinkar da ke ci ta faɗo mata. Kafin la'asar ta cika.

Tsoro ya shiga Garun Gawo ya zauna. Mata suka daina zuwa rijiya su kaɗai, aka jera tuluna cike da ruwa a gindin kowane rumbu, in akuya ta ture faifai sai gida ya watse. Aka rufe ƙofar gari ko da rana. Kuma da yake mai tsoro ba ya iya zama babu wanda zai nuna wa yatsa, nan da nan gari ya samu nasa: mutanen Unguwar Tabo. Wata 'yar unguwa ce can bayan ganuwa, a kan baƙar ƙasa mai laka, gidajenta ba su kai goma ba. Aka ce su ne idon Maradawa, suna ƙona abinci don gari ya yi rauni kafin mahara su zo. Ba wanda ya ga komai, amma kowa ya ji daga bakin wanda ya ji. Dagaci Iliyasu ya aika birni wurin hakimi. Aka aiko cewa jakada zai iso ranar Juma'a, in dagaci da dattawa sun tabbatar masa, za a turo dakaru su share Tabo.

Shi Kallamu, aikinsa ne ya kai shi duk gidajen huɗu, don shi ake kira ya duba ko bangon rumbu zai gyaru. Tun a gidan Umara wani abu ya tsaya masa a rai. Rumbu uku ne a gidan. Babban, na gero, yana jikin danga, mai wucewa ta waje ma zai iya miƙa hannu ya taɓa jinkarsa. Ba a taɓa shi ba. Wanda ya ƙone shi ne na tsakiya, wanda sai mutum ya tsallaka danga ya ratsa turken awaki. Ya ce a ransa, wane irin maƙiyi ne wannan mai son wahala? A gida na biyu da na uku ma haka. Bai gaya wa kowa ba, don bai san me zai ce ba.

Matarsa Amsa ce ta ƙarasa masa. In rumbu ya ƙone, matan unguwa kan taru da faifai su tsince abin da wuta ta bari, kuma Amsa ba ta taɓa fashi ba. Ranar Laraba da hantsi ta dawo daga gidan Sabo, hannu baƙi ƙirin, ta kwance bakin zane ta zuba masa 'yar ƙwaya a tafin hannu.

Ta ce, "Maigida, duba. Gida huɗu na yi tsinta, ban ga ƙwayar gero ko farafara ba. Kullum kaura."

Kallamu ya murza ƙwayar da yatsa, toka ta fita, rawayar kaura ta bayyana. Gonakin Garun Gawo jigawa ce, gero da farafara suke yi. Kaura kuwa, dawar nan rawaya, ba ta son komai sai laka, kuma duk yankin babu laka sai a Tabo. Ba a haɗa ta da wani hatsi, rumbunta daban. Ya ɗaga kai ya dubi ƙaramin rumbun da ke bayan ɗakin Amsa, wanda ya gina da hannunsa shekara bakwai da suka wuce. Cike yake da kaura har wuya.

A nan dole a koma baya kaɗan, ko da yake mutanen Garun Gawo ba su son a koma. Shekara tara kafin wannan, ana tsakiyar girbi, aka yi kuwwa Maradawa sun iso. Kowa ya runtuma cikin ganuwa. Mutanen Tabo su ne mafi nisa, ga tsofaffi ga goyo. Da aka hango ƙurar dawaki sai aka ce a rufe. Kallamu yana cikin mutum huɗu da suka sa kafaɗa suka tura ƙyauren, shi ya ɗora madogari, icen da ake tokare ƙofa da shi, don shi ya san yadda yake zama. Sun ji ana bugu daga waje, ana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Mutanen Tabo sun yi gayyar gina ganuwar nan kamar kowa. Murya ɗaya ce a cikin gari ta yi ta cewa a buɗe, muryar Furera mai daddawa, har wani ya daka mata tsawa. Ran nan aka kwashe mutum talatin da ɗoriya.

Damina biyu gonakinsu suna kwance, ciyawa na ci. A wannan ƙasa kuwa ba a barin gona ta kwanta, al'ada ce in mutum ya tashi ya bar gari gonarsa ta koma hannun dagaci ya ba mai nomawa. Sai aka yi haka, aka raba wa magidanta shida. Ba wanda ya tsaya ya ce waɗannan fa ba tashi suka yi ba, ɗaukarsu aka yi. Kallamu ya samu gonar wani mutum da ya mutu a hannun mahara, mai babbar ɗorawa a kusurwa. Tasa ta gado 'yar jigawa ce da ba ta kai su bazara. Tun da ya samu ta Tabo gidansa bai ƙara sanin yunwar bazara ba.

Bara, ɗan mai gonar, Uwaisu, ya gudo ya dawo. An tafi da shi yana saurayi, ya dawo da tabon igiya a wuya. Ya tarar da uwarsa Rahmatu, wadda ta tsira don ta faɗa cikin kwari ran harin, tana cin abin da maƙwabta suka sam mata. Sau uku yana zuwa ƙofar dagaci. Aka ce ya bari a gama shuka, aka ce ya bari a yi girbi, aka ce ya bari bayan Salla. Kallamu ya san da haka sarai. Sau biyu yana hango shi a hanya yana canja lungu.

Yanzu ga lissafin a fili: gida shida aka ba gonakin Tabo, huɗu sun ƙone. Saura ƙanen dagaci da shi.

Gaskiya ita ce tunanin da ya fara zo masa ba na kirki ba ne. Ya ce a ransa, in na kwashe kaurar na yi shiru, jibi jakada zai zo, dakaru su share Tabo, gona ta zama tawa har jikoki. Ba abin da ake nema gare shi sai ya rufe baki, abin da ya riga ya ƙware a kai. Ya ji kunyar tunanin, amma bai kore shi ba. Ya yini da shi, ya kwana da shi.

Amsa ba ta ce masa yi ko bari ba. Da safiyar Alhamis tana dama masa kunu ta ce, "Ni dai na san abin da tukunyata za ta zama in babu gonar can. Amma a Tabo akwai jarirai uku, ni na yanke wa ɗaya cibi." Ta miƙa masa ƙwarya ta ci gaba da aikinta.

Ya gaya wa mai gadin ƙofa zai je duba ramin ƙasa, ya fita. A Tabo ya tarar da abin da gari ke tsoro: tsofaffi biyu suna tufka igiya, mata suna sussuka, wata akuya mai tari. Sun ji labarin jakada, har wasu sun ɗaure 'yan komatsansu, sai dai ba su san inda za su ba. Ya wuce gonar. Uwaisu na zaune a gindin ɗorawa, jakinsa na itace ɗaure a gefe. Da wannan jakin yake shiga gari ranar kasuwa, kuma wa ke kallon mai itace daga Tabo?

Suka gaisa kamar babu komai. Kallamu ya tsuguna, ya buɗe hannu ya nuna masa ƙonanniyar kaura.

Uwaisu ya dube ta ya ce, "Kai kaɗai ka gane, Baba Kallamu?"

"Matata ce ta gane."

"Na ɗauka tun na farko za a gane. Na ce in sun ga kaura ce kawai ke ci, wani zai ce ku kira yaron nan mu ji. Na yi na biyu, aka ce Maradawa. Na yi na uku, aka ce Maradawa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ko laifina ma ba a yarda a ba ni ba."

Kallamu ya ce, "To Furera fa?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Duk ranar kasuwa tana tafiya da daddawarta. Na tsaya na ga matan gidan sun fita. Ban san tana ɗaki ba."

"Ka san ita kaɗai ce ta ce a buɗe muku ƙofa ran nan?"

"Na sani. Ina jikin ƙyauren, na ji muryarta. Na ji taka ma, kana cewa a ɗaga madogarin sama kaɗan."

Kallamu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara tara yana gaya wa kansa na waje ba su san waye da waye ba.

Uwaisu ya ce, "Tun da ta rasu ko ruwa ba ya wuce mini sosai. Amma ka ga, jiya da safe na tsinci kaina ina sa garwashi a tsingaro zan nufi gidan ƙanen dagaci. Baba, ban san yadda zan tsaya ba."

Tausayi ya kama Kallamu, da haushi, duka a lokaci ɗaya. Ga wanda aka zalunta, ga kuma wanda ya kashe tsohuwa mai ciwon ƙafa, mutum ɗaya ne, ba yadda za a raba. Ya ce, "Gobe zan yi magana gaban jakada. Zan faɗi maganar gonaki, zan kuma faɗi sunanka, ba zan ɓoye ba. In ka gudu, za a ce Tabo ce ta ɓoye ka. Iyakar abin da na zo gaya maka ke nan." Kallamu ya tashi ya kama hanya.

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar gidan dagaci, wadda ke kusa da ƙofar gari. Jakada mutum ne gajiyayye, ya sha hanya, so yake a ce masa e ya juya. Dagaci ya yi bayani, dattawa suka gyaɗa kai. Ana shirin shafa fatiha sai Kallamu ya matso da ƙwarya. Da wani ne da an ce ya koma ya zauna. Amma dagaci Bafulatani ne, Kallamu Babarbare, akwai wasa tsakaninsu tun kaka da kakanni, kuma ba a hana abokin wasa magana.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na san Bafulatani bai san hatsi ba sai nono, shi ya sa na kawo a nuna maka." Aka yi 'yar dariya, dagaci ma ya murmusa. Kallamu ya kwance ƙulli huɗu na tsintar da Amsa ta karɓo masa daga gidajen, ya zuba a tabarma. "Wannan na gidan Umara, wannan na biyu, wannan na uku, wannan na gidan Sabo. A duba, in akwai gero ko farafara a ciki a yanke mini hannu. A ina ake noma kaura a ƙasar nan?"

Dariya ta ɗauke. Jakada ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwaya, ya tambayi abin da ake nufi. Kallamu ya gaya masa duka, tun daga ƙyaure har rabon gonaki, har zuwan Uwaisu sau uku, da cewa shi ne mai sa wutar. Bai cire kansa ba. Ya ce shi ya ɗora madogari, kuma yana noma gonar uban yaron shekara bakwai, daga yau ya sake ta, da kaurar da ke rumbunsa. Ya faɗa yana sane da abin da ya saki.

Fuskar dagaci ta haɗe. Ya ce, "Kallamu, wasa ya wuce wasa. Na raba gonaki bisa al'ada."

Jakada ya juya wajen liman, Malam Khalilu, ya ce, "Allah gafarta Malam, me littafi ya ce?"

Malam Khalilu ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Wanda aka kama, dukiyarsa tana nan a matsayin tasa har a tabbatar da mutuwarsa, in ya mutu ta magada ce. Na san wannan ran da aka yi rabon. Ba a tambaye ni ba, ni kuma na ji daɗin da ba a tambaye ni ba."

Sai Sabo ya miƙe, idonsa jawur. "To uwata fa? Gona ta ci? Ita ta rufe ƙofa? Yanzu wanda ya ƙona ta shi ne abin tausayi?"

Kallamu ya ce, "Wallahi Sabo ban zo wanke shi ba. Jinin Inna Furera na wuyansa, alƙali ya yi hukunci. Amma mutum ɗaya ne, ba unguwa ba, kuma ba Maradawa suka aiko shi ba. In dakaru suka ƙone Tabo, jariran can za su girma da abin da Uwaisu ya girma da shi, mu kuma mu ci gaba da jera tuluna."

Wani daga baya ya ce ai tuni Uwaisu ya gudu, mutanensa sun ɓoye shi, a aika dakaru kawai. Hayaniya ta tashi, jakada ya fara duban rana. Kallamu ya ga maganar na neman kuɓuce masa, ya saki gona a banza.

Sai aka ji bugu a ƙofar gari. Ba da ƙarfi ba, tafin hannu ne a kan ƙyaure, sau uku, a dakata, a sake. Duk wanda ya haura shekara ashirin a wurin ya san wannan ƙarar. Mai gadi ya dubi dagaci, dagaci ya dubi ƙasa. Kallamu ne ya tashi, ya je ya sa kafaɗa ya ɗage madogarin. Uwaisu na tsaye shi kaɗai, babu jaki, babu sanda. Ya shigo ya durƙusa gaban jakada ya miƙa hannuwansa biyu.

Ba a turo dakaru ba. Washegari jakada ya tafi da Uwaisu birni gaban alƙali, kuma Uwaisu bai ƙara taka Garun Gawo ba. Wuta ta tsaya. Cikin gonaki shida, huɗu suka koma hannun masu su kafin damina, biyu aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, har da ta ƙanen dagaci. Sabo bai ƙara amsa gaisuwar Kallamu ba har suka tsufa, kuma Kallamu bai taɓa ganin laifinsa ba. A gidan Kallamu, bazarar nan Amsa ta koma ƙara ruwa a kunu, wani lokaci in ta juya tukunya takan yi tsaki, ba ta ce da wa take ba.

Da ya kai wa Rahmatu kaurar, jaki shida, sai aka rasa inda za a zuba, don rumbun mijinta ya daɗe da rushewa. Kallamu ya ce zai gina mata. Ya zo da sassafe da duwatsun gindi, ya share wuri, ya auna da ƙafa, ya ja da'ira babba irin wadda gonar ta cancanta, don ya san abin da take bayarwa fiye da kowa. Tsohuwar na zaune bakin ɗaki tana kallonsa. Ba ta faɗin sunan Uwaisu, ɗan fari ne.

Ta ce, "Kallamu, rage shi. Yaron nan ne mai cikawa, ga shi ba ya nan."

Ya tsaya da sanda a hannu. Sannan ya sa ƙafa ya goge da'irar, ya ja wata ƙarama a cikinta.